Yadda "ɗan ƙara min nan" ya kai aikin titin miliyan 80 zuwa miliyan 107 a bayan Mile 12

Wurin da mutanen

Layin da ake magana a kai yana bayan kasuwar Mile 12 a Legas, ta ɓangaren da ƙasa ke gangarawa wajen Agiliti. Tsawonsa mita 400, faɗinsa mita 7, kuma dama da hagu duk sito-sito ne na albasa, busasshen barkono, wake da hatsi, yawancin masu su mutanenmu ne na Sakkwato, Kebbi, Kano da Katsina da suka daɗe a nan. Duk wanda ya san yankin ya san halinsa da damina, daga Afrilu zuwa Yuli ruwan sama ne, wajen Satumba da Oktoba kuma in aka saki ruwan dam ɗin Oyan da ke jihar Ogun sai kogi ya cika ya dawo da ruwa baya cikin unguwanni. Tirela in ta shigo layin nan a watan Yuni sai dai a sauke kaya a bakin titi 'yan dako su yi ta jigila a ka, kuɗin dako ya ninka, wani lokacin ma buhu ya faɗa taɓo.

A ƙarshen 2022 ƙungiyar masu sito ta yanke shawarar ba za su ƙara jiran kowa ba, za su yi karo-karo su shimfiɗa intalok, wato duwatsun siminti da ake jerawa suna sarƙe juna, su gina kwata dama da hagu. Aka kafa kwamitin aiki mai mutum 11, da ciyaman da sakatare da ma'aji.

Maris 2023: sa hannu

Wani mai zane ya yi musu zanen titin da takardar BEME, wato jerin kowane aiki da yawansa da farashinsa, mita nawa na kwata, mita nawa na intalok, haƙa nawa, ciko nawa. Ya ba da shawarar a haƙa ramukan gwaji a ga abin da ke ƙarƙashin ƙasar kafin a fitar da farashi, kwamiti suka ce ai sun fi shekara ashirin suna taka wurin nan, me za a gaya musu. Ba a yi gwajin ba. Shi kuma mai zanen an sallame shi da ya miƙa takardu, ba a ɗauke shi duba aiki ba, aka ce sakatare zai riƙa leƙawa.

An sa hannu a watan Maris, lokacin da ake tsakiyar wahalar takardun naira. Jimillar kwangila miliyan 80, a ciki akwai miliyan 4 na ko-ta-kwana. Wa'adi wata 5. Aka ba ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari, miliyan 24 ke nan. Yarjejeniyar shafi uku ce, ta ce farashi tsayayye ne, amma ba ta ce komai ba kan wanda ke da ikon ba da umarnin canza aiki, ko yadda za a yi wa sabon aiki farashi, ko abin da za a yi in kaya suka tashi a kasuwa.

Afrilu zuwa Yuni 2023: canje-canje sun fara shigowa

Na farko ƙasa ce ta kawo shi. BEME ta ce a kankare santimita 30 a cike. A mita 310 na sama haka aka yi lafiya lau. Da katafila ta iso mita 90 na ƙasa sai ta fara tono leda, tsumma, ɓawon albasa da ya zama baƙar laka mai wari, ashe tsohuwar bola ce da aka cike fadama da ita shekaru da yawa da suka wuce, ka taka ƙafa tana lumewa. Foman, wato shugaban ma'aikatan ɗan kwangila, ya kira ciyaman a waya, ciyaman yana cikin cinikin mota guda ta albasa ya ce masa ku yi duk abin da ya kamata, za mu daidaita. Aka haƙa fiye da mita ɗaya, aka yi ta zuba yashi, tifa na shiga tana fita har dare. Babu wanda ya auna zurfin ramin kafin a rufe shi, babu wanda ya ƙirga tifa, hoto ma guda biyu kawai aka samu daga baya a wayar wani yaron shago.

Na biyu mutane ne suka kawo shi, kuma shi ya fi yawa. A takarda akwai murfin kwata guda 12, wato silab ɗin da ake ɗorawa a ƙofar sito don mota ta hau. To da aka fara zuba kankare kowane Alhaji yana zaune a ƙofar sitonsa yana kallo, sai ya yafito foman: oga, ɗan ƙara min nan mana, ta nan motata ke juyawa. Foman ya duba ya ga wannan ɗan kwamiti ne, ko yayan ma'aji ne, ko shi ya fi kowa zuba kuɗi a karo-karon, ya za a yi ya ce a'a. Kafin ƙarshen Mayu murfi ya zama 27. Sannan bayan wata sallar Juma'a dattawa suka ce bai dace a tsayar da titi saura ƙiris a kai ƙofar masallaci ba, aka ƙara mita 35, nan take a tsaye, kowa ya ce Allah ya sa albarka.

Akwai kuma falwaya uku na wuta da suka faɗo a daidai inda kwata za ta bi, da bututun ruwan burtsatse na wani gida da katafila ta fasa, da 'yan omo onile, wato masu cewa ƙasar ta iyayensu ce, da suka zo suka ce ba tifar da za ta sauke yashi sai an gansu. Ɗan kwangila ya ce duk shi ya biya.

Na uku daga Abuja ya zo. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur a Legas ta tashi daga naira 185 zuwa 488 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta da kanta. Kuɗin mota ya tashi, leburori suka ce sai an ƙara, rodi ya bi dala.

Yuli 2023: takardar miliyan 31

A tsakiyar Yuli ɗan kwangila ya kawo takarda shafi ɗaya mai layi huɗu. Haƙa da cikon yashi, tifa 78, miliyan 11. Ƙarin murfi da titin masallaci, miliyan 9. Tashin farashi, miliyan 8. Falwaya, bututu da sallamar 'yan unguwa, miliyan 3. Jimilla miliyan 31 a kan 80 ɗin.

Taron ranar bai ƙare da daɗi ba. Ma'aji ya ce shi bai san an ba da ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ba. Ciyaman ya ce shi cewa ya yi a yi abin da ya kamata, bai ce a zuba tifa 78 ba. Aka kira mai gadin layin ya ce a ganinsa ba su wuce hamsin da wani abu ba amma shi ba rubutawa ya yi ba. Masu ƙarin murfi kuwa wasu suka ce sun ɗauka kyautatawa ce foman ya yi musu. Ɗan kwangila ya kwashe ma'aikatansa, aiki ya tsaya kusan sati huɗu, lokacin an gama kamar kashi 60 na kwata, intalok kuma an shimfiɗa wajen mita 150.

Agusta zuwa Satumba 2023: an hana canji gaba ɗaya

Sarkin Hausawan yankin da limami suka shiga tsakani aka biya ɗan kwangila miliyan 10 a kan za a tantance sauran daga baya, ya dawo aiki. Kwamiti kuma suka kafa doka: daga yau ba ƙari ko na kobo, abin da ke zane shi za a yi, duk wanda ya canza wani abu shi zai biya.

Roƙon ƙarin murfi ya tsaya cak. Amma a ƙarshen layin zane ya nuna kwalbatin bututu mai faɗin milimita 600 da zai kai ruwa babban lambatu, foman kuma ya lura cewa ruwan layin da ke maƙwabtaka da su ma ta nan yake biyowa, mai zane bai sa shi a lissafi ba. Ya faɗa wa sakatare, sakatare ya ce ka dai ji dokar da aka yi, ni ba ruwana. Aka sa bututun yadda yake a zane.

A makon ƙarshe na Satumba aka kwana ana ruwa, bututu ya kasa ɗauka, ruwa ya hau kan titi ya wanke yashin da ke ƙarƙashin intalok na wajen mita 60 da ba a riga an ɗaure gefensa ba. Da safe duwatsun sun bi sun karkace, wasu ma sun tafi cikin kwata. Gyara da sake kwalbatin zuwa na akwati mai faɗi ya ci miliyan 3.6.

Oktoba zuwa Nuwamba 2023: komai sai kwamiti ya zauna

Sai aka juya ɗaya gefen. Aka ce canji ya halatta amma sai duk mutum 11 sun amince, aka buɗe guruf na WhatsApp aka sa ɗan kwangila a ciki. Kwamiti na zama duk bayan sati biyu.

Abin da ya biyo baya duk wanda ke cikin guruf ɗin ƙungiya ya san shi. Foman zai turo hoto ya ce an ci karo da tsohon tushen gini a gefen kwata, a fasa ko a kauce? Sai saƙon murya ya fara zuwa, wannan minti uku wancan minti biyar, rabi gaisuwa ce, wani ya ce a fasa, wani ya ce a jira Alhaji ya dawo daga Aliero, wani ya kawo shawarar ai gara ma a cire intalok ɗin gaba ɗaya a zuba kankare irin na hanyar Apapa zuwa Oshodi. Tambayar da kuɗinta bai kai dubu 200 ba ta yi kwana 9 ba amsa, alhali rolar da aka yi haya tana ajiye ana biyan kuɗinta kullum. A ƙarshen Nuwamba ɗan kwangila ya ƙara kawo wata takardar, miliyan 2.1 na zaman injina da ma'aikata ba aiki. Cikin wata biyu intalok bai ƙaru da mita 50 ba.

Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: an ɗauko injiniya

Ɗan wani daga cikin masu sito da ke aiki a kamfanin gine-gine ne ya matsa aka nemo injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, wadda ba ta da alaƙa da ɗan kwangila ko wani ɗan kwamiti, za ta riƙa zuwa sau uku a sati. Wasu dattawa sun ɗan yi gunaguni, wai mace ce kuma ba ta jin Hausa sosai, aka ce sakatare zai yi tafinta.

Ta fara da tsohon rikicin. A mita 90 ɗin bola ta sa aka ɗaga intalok a wuri shida aka haƙa har aka tarar da tsohuwar ƙasa, ita da foman da ma'aji suna tsaye, ana zura tef ana rubutawa kowa na sa hannu a gefen lambar. A tsakiya yashin ya kai mita 1.1 zuwa 1.3, a gefe-gefe kuwa bai wuce santimita 60 ba. Da ta buga lissafi ya fito kusan tifa 58, ba 78 ba, ba kuma 50 ba. Miliyan 11 ta koma 8.2. Murfi da titin masallaci aka auna su ɗaya bayan ɗaya aka yi musu kuɗi da farashin da ke cikin BEME tun asali, ba sabon farashin da ɗan kwangila ya sa ba, ya fito miliyan 7.4, kuma a ciki ta ware miliyan 4.6 na murfi 15 ta ce wannan ba aikin ƙungiya ba ne, na masu ƙofofin ne. Nan ma an sha hayaniya, amma da aka karanto sunaye a taro da kuɗin kowa, waɗanda ba su ƙara komai ba suka fi yawa kuma suka fi ɗaga murya.

Kan tashin farashi ta gaya wa kwamiti gaskiya cewa a takarda ba su da wajibin biya, amma in suka ƙi ɗan kwangila zai gudu ne ko ya rage siminti, wanda za a kawo a madadinsa kuma da farashin yau zai zo. Aka yarda da miliyan 5, kan aikin da aka yi bayan Yuni kawai, tunda kayan farko da kuɗin kafin alƙalami aka saye su. Na falwaya da sauransu aka biya abin da ke da rasit, miliyan 1.9. Gyaran Satumba aka raba, ƙungiya miliyan 2.4 saboda ita ta hana canjin, ɗan kwangila 1.2 saboda ya bar gefen intalok a buɗe. Zaman injina aka biya dubu 900.

Daga nan ta rubuta ƙarin yarjejeniya shafi biyu aka sa hannu a farkon Janairu. Baki ɗaya ne ke ba foman umarni, nata, ko ciyaman ne yake son wani abu sai ya biyo ta wajenta. Aka sayo littafin rasit mai kwafi uku, kowane canji, wanda su injiniyoyi ke kira bariyeshan, sai an rubuta shi da lamba: me za a yi, wa ya nema, me ya sa, nawa ne, kwana nawa zai ƙara, wa zai biya, kuma duk wannan kafin a sa shebur. Abin da bai kai dubu 300 ba ita za ta sa hannu a ranar. Daga nan zuwa miliyan 1.5 sai mutum uku, ciyaman da ma'aji da sakatare, cikin kwana biyu, in ɗaya ya yi tafiya akwai wanda aka riga aka naɗa a madadinsa. Sama da haka sai babban taro. Duk abin da za a binne sai an auna an ɗauki hoto tare. Ɗan kwangila kuma in yana ganin wani abu ya jawo masa ƙarin kuɗi yana da kwana 7 ya rubuto, in ya wuce ya sha. Ta ce a manyan kwangiloli masu bin tsarin FIDIC, wato ƙa'idojin kwangilar gini na ƙasa da ƙasa, kwana 28 ake bayarwa, amma aikin da ya rage bai kai a jira haka ba.

Abu na ƙarshe, aka manna wata takarda a bangon ofishin ƙungiya, ana rubuta kowane canji da aka amince da shi da abin da ya rage a asusu, duk mai wucewa yana gani.

Fabrairu zuwa Afrilu 2024: gwajin tsarin

A watan Fabrairu siminti ya haura naira 10,000 a Legas, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin siminti aka ce buhu ya tsaya tsakanin 7,000 da 8,000, a kasuwa kuma bai sauko nan da nan ba. Saura kusan buhu 600 aikin ke buƙata. Maimakon a jira wata takardar tashin farashi, ƙungiya ta sayi simintin da kanta daga dila, aka cire tsohon farashin buhu daga kuɗin ɗan kwangila, bambancin miliyan 2.4 ya hau kan ƙungiya. Makullin ɗakin siminti ɗaya wajen ma'aji ɗaya wajen foman.

Daga Janairu zuwa gama aiki an rubuta buƙatar canji 14. An amince da 9, kuɗinsu duka miliyan 3.1, mafi girma a ciki shi ne zuba kankare da rodi a mashigar layin inda tirela ke murɗa taya, miliyan 1.4, mutum uku suka sa hannu washegari. Biyar ɗin da suka rage, biyu injiniya ta ƙi, uku kuma masu su ne suka janye da kansu da suka kai layin da aka rubuta wa zai biya. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe biro ya kalli wajen ya ce wa sakatare, Malam bar shi kawai, motar tana shiga a haka ma.

An gama a ƙarshen Afrilu 2024, bayan ƙaramar sallah, ruwa bai riga ya kankama ba. Wata 13 maimakon 5. Kuɗin da aikin ya ci gaba ɗaya miliyan 107.3 bayan miliyan 4 na ko-ta-kwana ya ɗauke wani ɓangare na ƙarin, ƙarin kusan kashi 34 cikin ɗari, ban da kuɗin injiniyar. An riƙe kashi 5 na kuɗin ɗan kwangila har damina ta wuce, titin bai motsa ba, aka sake masa.

Abin da na gani a ciki

In ka ware ƙarin kuɗin nan gida-gida za ka ga ba duka ne za a iya kauce masa ba. Bolar tana nan ko an yi gwaji ko ba a yi ba, miliyan 8 ɗin yashi dole ne a kashe ta, abin da gwajin zai canza shi ne da tun farko an san da ita an sa ta a karo-karo, kuma da farashinta ya fito lokacin da 'yan kwangila ke gasar samun aikin, ba lokacin da katafilar mutum ɗaya ke tsaye a cikin rami ba. Tashin farashi ma ba laifin kowa ba ne a layin, sai dai jinkirin da aka jawo da hannu shi ya kai aikin cikin Fabrairun 2024, da an gama a Agusta ko Oktoba da simintin dubu goma bai same su ba. A ganina wannan jinkirin ya fi murfi 15 ɗin tsada, don ma ba a lissafa kuɗin dakon da aka ci gaba da biya wata takwas ba.

Dokar hana canji ta faɗi ne don ta ɗauka duk canji ɓarna ne, alhali na kwalbatin ceto ne, sai ta koya wa foman yin shiru. Ta mutum 11 kuma ta faɗi don ta auna tambayar dubu 200 da ta miliyan 5 da mudu ɗaya, ta kuma bar hukunci a hannun mutanen da kasuwancinsu ke kai su Arewa kowane lokaci. Tsarin injiniyar bai fi su tsanani ba, ya ma fi su saurin cewa to, 9 cikin 14 aka amince, abin da ya bambanta shi ne ana sanin kuɗi da mai biya kafin aiki. Kuma ban raina amfanin kasancewarta baƙuwa ba, foman ba zai iya ce wa Alhaji a'a ba, sakatare ma ba zai iya ba don gobe zai je neman bashin buhu goma a wajensa, ita kuwa ba ta sayen albasa a wajen kowa.

Ɗan kwangilar ban ɗauke shi ɓarawo ba duk da tifa 20 da suka yi sama, wanda aka ce masa yi kawai za mu daidaita kuma ya san za a yi ciniki a ƙarshe, dole ya ɗora wani abu a kai. Inda nake ganin an ɗan danne shi shi ne miliyan 1.1 ɗin da ba ta da rasit, mafi yawanta ta 'yan omo onile ce, kuma duk wanda ya taɓa sauke yashi a Legas ya san waɗannan ba sa ba da rasit, duk da dokar da jihar ta yi a kansu a 2016. Ya ce mai gadi shaida ne, mai gadi ya ce ya ga suna magana amma bai ga kuɗi ba. Kwamiti ya ce in aka biya wannan ba takarda to me ya sa aka hana tifa 20 ɗin. Har yanzu ba a biya shi ba, kuma mutum biyu cikin masu ƙarin murfi su ma ba su kawo nasu ba, sunayensu na nan a takardar bangon ofis.